Daga Tangaraho Zuwa Manhaja: Tarihin Wasu Kalmomin Kwamfuta da Sadarwa a Hausa

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya shiga kasuwar wayoyi a Maraɗi ko Damagaram ko Kano zai ji maganganu irin waɗannan: "Tura mini ta waya." "Sauke manhajar tukuna." "An yi masa kutse." "Ka ga faifan bidiyon nan kuwa?" Duk wanda ke wurin ya fahimci abin da ake nufi, ko da bai taɓa shiga aji ba. Amma da za a tambayi mai magana ina faifan yake, tunda babu wani faifai a hannunsa, ko a ce ya nuna wayar da ke jikin wayarsa, sai ya yi dariya ya rasa amsa.

Wannan takarda za ta bi sawun wasu daga cikin kalmomin nan, ta nuna inda suka fito, da lokacin da suka shigo, da yadda ma'anarsu ta sauya. Abin da ake so ɗalibi ya lura da shi shi ne, Hausa ba ta fara raɗa wa na'urori suna da zuwan kwamfuta ba. Ta fi shekara ɗari tana wannan aiki, kuma hanyoyin da ta bi tun zamanin tangaraho su ne take bi har yau: ko ta ari kalma ta gyara ta, ko ta faɗaɗa ma'anar tsohuwar kalma, ko ta harhaɗa kalmomi ta ƙirƙiri sabuwa. Batun ya ƙara nauyi a nan Nijar tun daga 2025, shekarar da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ɗaliban wannan sashe su ne malamai da masu fassara da ƴan jarida na gobe, wato su ne za su zaɓi kalmar da za a sa a littafi ko a faɗa a rediyo.

2.0 Kafin Kwamfuta: Zamanin Waya da Akwati

A farkon ƙarni na 20 ne Turawan mulkin mallaka suka raba ƙasar Hausa gida biyu. Faransawa sun shiga Damagaram a 1899, Ingilishi kuma suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Daga cikin abubuwan da masu mulkin suka fara kafawa akwai turaku da aka ja wa zaren ƙarfe daga gari zuwa gari don aika saƙon gwamnati. Sunan zaren a Ingilishi shi ne "wire", sai Bahaushe ya ce waya. Na'urar aika saƙon ta zama tangaraho, ofishin da ake aikin ya zama gidan waya, aika saƙon kuma aka ce buga waya. Da na'urar magana ta zo, sai aka kira ta tarho ko wayar tarho. Da aka sami wadda ba ta bukatar zare, sai aka ce wayar iska.

Wannan suna na ƙarshe yana da darasi. Ma'anar waya ta riga ta tashi daga zaren ƙarfe ta koma kan saƙon da ke bi ta cikinsa, shi ya sa ba a ga wani saɓani ba a ce wayar iska. Yau tangaraho ya mutu, amma waya tana nan, buga waya ma yana nan, alhali abin da ke aljihunmu ba shi da zare ko ɗaya in ba na caji ba.

Haka sauran na'urorin wancan zamani suka sami suna. An ari rediyo da talabijin da garmaho da tafireta da majigi, sannan aka riƙa jingina su da abin da aka sani: akwatin rediyo, akwatin talabijin, keken rubutu, kamar yadda aka ce keken ɗinki. Misali mafi daɗi shi ne faifai. Asalinsa abin da mata ke saƙawa don rufe ƙwarya ko bakacen hatsi. Da garmaho ya zo da baƙin abin nan mai faɗi da kewaye, sai aka ga kamarsu ɗaya, aka ce faifan garmaho. Da kamfanonin Sony da Philips suka fito da CD a 1982, ya gaji sunan. Daga nan masu fina-finan Hausa suka koma sayar da fim a faifai bayan kaset. Yanzu ɗan gajeren hoto mai motsi da ake turawa ta waya ana kiransa faifan bidiyo. Siffar da ta jawo sunan ta ɓace, sunan ya zauna.

Bayan gidan waya, babbar makerar kalmomi ita ce gidan rediyo. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, na Muryar Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979, na RFI kuma a 2007, ban da gidajen rediyon Yamai da Kaduna da Akara. Mai fassara labarai ba shi da lokacin jiran kwamiti. Labari ya zo da safe, dole a karanta shi da rana. A irin wannan matsi ne kalmomi kamar tauraron ɗan Adam da kumbo da makami mai linzami suka bazu. Ana iya ganin yawan kalmomin da aka tara ta wannan hanya a littafin Hausa in the Media na McIntyre da Meyer-Bahlburg, wanda ya fito a 1991.

3.0 Kwamfuta da Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa

Kalmar "computer" ta girmi na'urar da ɗaruruwan shekaru. Tun ƙarni na 17 ake amfani da ita a Ingilishi, kuma ma'anarta mutum mai sana'ar lissafi. Har lokacin Yaƙin Duniya na Biyu akwai ma'aikata, yawancinsu mata, da ake kira da wannan suna, aikinsu su zauna da takarda suna lissafi. Da aka ƙera na'urori masu yin wannan aiki, sai suka karɓe sunan ma'aikatan. Ɗaya daga cikin na farko ita ce ENIAC, wadda aka nuna wa jama'a a Amurka a 1946. Nauyinta ya kusa tan 30, kuma mata shida ne suka fara tsara mata aiki.

Faransawa ba su ari kalmar ba. A 1955 reshen kamfanin IBM na Faransa ya nemi shawarar wani malamin Latin a Jami'ar Sorbonne mai suna Jacques Perret, shi kuma ya ba da kalmar "ordinateur", wato mai tsara abubuwa. Larabawa kuma suka ƙera "hasub" daga saiwar da ta ba da "hisab". Daga wannan saiwa ce Hausa ta sami lissafi da hisabi tun kafin zuwan Turawa. Ke nan harsuna uku, kowanne da abin da ya hango a jikin na'urar: biyu sun ga lissafi, ɗaya ya ga tsari.

Hausa ta yi abu biyu a lokaci guda. Na farko ta ari kalmar Ingilishi ta sa mata rigar gida. Gaɓar farko ta koma kwam, kamar yadda aka yi a kwamiti da kwamanda da kwamishina. Baƙin p ya koma f, kamar a fensir da fasinja. Da yake kalmar ta ƙare da wasalin a, sai ta shiga jinsin mace: kwamfutar nan ta lalace. Jam'inta kuma ya bi sahun mota da motoci, aka ce kwamfutoci. Kalmar da ta sami jinsi da jam'i ta zama ƴar gida.

Na biyu ta ƙirƙiri na'ura mai ƙwaƙwalwa. Ita kanta na'ura baƙuwa ce da ta daɗe. A Larabci sunan babban gargare ne na katako mai ɗebo ruwa daga kogi zuwa gonaki, irin waɗanda suka yi suna a birnin Hama na ƙasar Siriya. A Hausa sai ta zama sunan kowane inji. Bahaushe bai kalli lissafi ko tsari ba, ya kalli abin da ya ba shi mamaki, wato inji mai riƙe abu ya tuna.

Yaya aka ƙare tsakanin sunayen biyu? Babu wanda ya kori wani, sai dai sun raba aiki. Na'ura mai ƙwaƙwalwa ta zauna a labaran rediyo da jawabai da rubutun makaranta. Kwamfuta ta kama kasuwa da hira, domin gaɓa uku ce kawai, kuma tana karɓar ƙari cikin sauƙi: ɗakin kwamfuta, mai gyaran kwamfuta, kwamfutar tafi-da-gidanka. A wannan ɓangare na iyaka kuwa, wanda ya yi lakwal yakan jefa kalmar Faransanci cikin Hausarsa, kamar yadda yake cewa mushe da biro inda na Kano zai ce malam da ofis.

4.0 Sassan Na'ura: Linzami, Allo, Rumbu

Ɗan abin nan da ake riƙewa a tafin hannu ana jan kibiya da shi, Douglas Engelbart da abokan aikinsa ne suka ƙera shi a Kalifoniya. Na farkon da katako aka yi shi, a 1964, aka nuna shi ga jama'a a ranar 9 ga Disamba 1968. Sun kira shi da sunan ɓera saboda igiyar da ke bayansa kamar wutsiya. Faransanci da Larabci duk sun fassara sunan kai tsaye, suna ce masa ɓera da harsunansu.

A Hausa ma akwai masu cewa ɓera, amma sunan da ya fi shiga rubutu shi ne linzamin kwamfuta. Linzami, daga "lijam" na Larabci, ƙarfen da ake sa wa doki a baki ne don a juya shi inda ake so. Baturen ya dubi kama, Bahaushe ya dubi aiki. Abin lura, yawancin na yanzu ba su da igiya, saboda haka dalilin kiransu ɓera ya kau, amma dalilin kiransu linzami yana nan daram. Wannan ƙa'ida ce da mai fassara zai riƙe: sunan da aka gina a kan aiki ya fi wanda aka gina a kan siffa tsawon rai, domin siffar na'ura kullum cikin sauyawa take.

Allo ma daga Larabci yake, "al-lauh", kuma kowa ya san shi a hannun almajiri. Ya shiga makarantar boko ya zama baƙin allo, yanzu ya iso kwamfuta. Sai dai a nan akwai ruɗani. Wasu suna cewa allo suna nufin gilashin da ake kallo, wasu kuma suna cewa allon rubutu ko allon madannai suna nufin jerin haruffan da ake latsawa. Maganar yau da kullum ta fara warware matsalar da kanta: ana cewa fuskar waya ta fashe, ko gilashin waya. Zai fi sauƙi a rubutu a bar fuska ga abin kallo, madannai ga abin latsawa.

Wurin ajiya ya sami sunan rumbu ko ma'adana, kamar a rumbun adana bayanai. Manomi ya san rumbu yana cika, ya kuma san abin da ke cikinsa ba ya ɓacewa don dare ya yi. Fayil kuwa aro ne tun zamanin ofisoshin mulkin mallaka. Asalin kalmar a Latin zare take nufi, domin a da takardun ofis a jikin zare ko waya ake soke su a rataye.

Sai ma'auni. Duk abin da kwamfuta ke riƙewa da alamomi biyu take rubuta shi, ɗaya da sifiri. Sifiri daga "sifr" na Larabci ya zo mana, kuma daga wannan kalma ce Turawa suka sami "zero" da "chiffre". Kowace alama ɗaya ana kiranta bit, sunan da ya fito a rubutun Claude Shannon a 1948. Bit 8 su ne bayit ɗaya, wanda Faransawa ke kira "octet" saboda lambar takwas. Wannan ne ya sa mai sayen data a Birnin Ƙonni yake ganin Mo da Go a wayarsa, ɗan'uwansa da ke Illela, ƴan kilomitoci kaɗan, yake ganin MB da GB. Abu ɗaya ne. Dukansu biyu mega da giga suke cewa a baki, kuma giga ɗaya mega 1000 ne, ko 1024 a wani lissafin.

5.0 Intanet da Yanar Gizo

Kalmomin nan biyu ana musanya su kamar abu ɗaya ne, amma a tarihi shekara ashirin ce tsakaninsu. Tushen intanet shi ne ARPANET, wadda ma'aikatar tsaron Amurka ta ɗauki nauyinta, aka aika saƙon farko ta cikinta a ranar 29 ga Oktoba 1969. A ranar 1 ga Janairu 1983 ta koma kan ƙa'idar sadarwa ta TCP/IP, wadda ke ba hanyoyin sadarwa daban-daban damar haɗuwa da juna. Intanet ke nan: wayoyi da turaku da taurari da ƙa'idojin da suka haɗa na'urorin duniya.

Abin da ya haifi yanar gizo kuwa daga baya ya zo. A 1989 Tim Berners-Lee, wani ɗan Ingila da ke aiki a cibiyar bincike ta CERN kusa da Janeba, ya ba da shawarar tsarin da shafi zai riƙa kai mai karatu zuwa wani shafi ta hanyar mahaɗi. A 1991 aka buɗe tsarin ga mutanen waje, a 1993 kuma CERN ta sake shi kyauta ga kowa. Ya kira shi da sunan saƙar gizo-gizo. Faransawa suka ce "toile", Hausa ta ce yanar gizo.

Fassarar ta dace da harshen fiye da yadda masu ita suka yi zato. Gizo ba ƙwaro kawai ba ne a wajen Bahaushe. Shi ne gwarzon tatsuniya, mijin Ƙoƙi, mai wayo da ƙarya da yaudara. Duk wanda ya ji an ce labarin daga yanar gizo ya fito, akwai wani kashedi da ke ɓoye cikin sunan, ko an yi niyya ko ba a yi ba.

Ga ɗalibi, bambancin shi ne: intanet hanya ce, yanar gizo ɗaya ce daga cikin motocin da ke bin hanyar. Wasiƙar imel, wadda Ray Tomlinson ya sa wa alamar @ a 1971, ta girmi yanar gizo da shekaru, kuma kiran murya ta WhatsApp ta intanet yake bi ba tare da an buɗe wani shafi ba. A hira babu laifi a musanya su. A fassarar takardar doka ko littafin koyarwa kuwa, dole a bambanta.

Daga yana sai sauran kalmomi suka biyo, kusan dukansu tsofaffi: shafi daga littafi, adireshi daga gidan waya, mahaɗi daga ɗinki da gini. Da Facebook da makamantansa suka zo bayan 2004, aka ce dandalin sada zumunta. Dandali fili ne a tsakiyar gari inda samari da ƴanmata ke taruwa da dare, kuma kalmar daga Barebari Hausa ta aro ta. Rukunin mutanen da ke hira a waya kuma wasu na ce masa zaure. Garin Bahaushe ne aka kwashe aka kai cikin na'ura, da dandalinsa da zaurensa da rumbunsa.

6.0 Shekarar 2001 da Abin da Ya Biyo Baya

Har ƙarshen shekarun 1990 kwamfuta kayan ofis ce da jami'a, kalmominta kuma na ƴan boko ne. Abin da ya sauya lamarin shi ne wayar salula. A 2001 aka fara sayar da layukan GSM a Nijeriya, a cikin watan Agusta, kuma a wannan shekara ce kamfanin Celtel ya fara aiki a Nijar. Cikin ƴan shekaru na'urar ta isa hannun mai shayi da makiyayi da matar aure a ƙauye. Daga nan raɗin suna ya bar hannun mai fassara ya koma hannun jama'a.

Ita kanta wayar ta sami sunaye uku: wayar salula, wayar hannu, da wayar tafi-da-gidanka. Na ukun harɗaɗɗen suna ne irin wanda Hausa ta ƙware a kai, inda ake ɗaukar jimla guda a mai da ita suna, kamar a-kori-kura da faɗi-ka-mutu. A wannan ƙira ce aka sami saƙon kar-ta-kwana, wato gajeren saƙon rubutu, wanda aka fara aika irinsa a Ingila a ranar 3 ga Disamba 1992. Sunaye ne masu armashi, amma dogaye. Da wayar girke ta yi ƙaranci, sai duk ƙarin ya zube, aka koma cewa waya kawai, saƙo kawai.

Abin da ya fi jan hankali shi ne aikatau. Hausa tana aron suna cikin sauƙi, amma ba ta cika aron aikatau ba. Ko dai ta haɗa baƙuwar kalma da yi, kamar yi caji, ko ta ba tsohon aikatau sabon aiki:

(1) Na sauke waƙar jiya.
(2) Ya ɗora hotonsa a shafinsa.
(3) Latsa nan, ko danna nan.
(4) Ta goge lambata.
(5) Tura mini adireshin.
(6) Wayar ta ɗauke.

Sauke da ɗora kalmomin ɗan dako ne da mai jaki. Goge ta allo ce. Babu ɗaya daga cikinsu da ke bukatar bayani, shi ya sa suka kama.

Manhaja ta zo da wayoyin zamani masu fuskar taɓawa. Asalinta "manhaj" na Larabci, wato tafarki ko tsari, kuma a Hausa an daɗe ana cewa manhajar karatu ana nufin tsarin darussan makaranta. Da aka bukaci suna ga tsararren umarnin da ke sa na'ura aiki, sai aka miƙa mata wannan nauyi. Yau yaro ya fi sanin manhajar waya a kan manhajar karatu. Kutse ma tsohuwar kalma ce ta shiga wuri ba da izini ba, yanzu ta zama sunan fasa asusun wani. Ita kuma ƙwayar cuta fassara ce ta sunan da masana suka ba manhaja mai kwafin kanta tana yaɗuwa, tun farkon shekarun 1980.

Akwai wurin da zaɓin kalma ke iya jawo asarar dukiya. Ana cewa kalmar sirri, lambar sirri, mabuɗin sirri, a nan kuma sau da yawa kod. Masu damfara sukan kira mutum su ce ya karanto musu kod ɗin da aka turo masa. Wanda ya san abin da suna mai ɗauke da sirri zai yi jinkiri kafin ya faɗa wa baƙo. Wanda ya san shi da baƙon suna maras ma'ana a kunnensa ba shi da wannan kariya. Nan ne ake ganin amfanin kalmar da ke bayyana kanta.

7.0 Baƙaƙe Masu Ƙugiya

Ba kalmomi kaɗai na'ura ta taɓa ba, har da haruffa. Baƙaƙen ɓ da ɗ da ƙ sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, zamanin da aka fara buga littattafan Hausa a Zariya. An yi taron daidaita haruffan harsunan Afirka ta Yamma a Bamako a 1966, aka yi na daidaita rubutun Hausa a Yamai a 1980, sannan Nijar ta tabbatar da ƙa'idojin rubutunta a 1999. A nan muna rubuta ƴ, a Nijeriya kuma an fi rubuta 'y.

Matsalar ita ce tsarin haruffan kwamfuta na farko, ASCII na 1963, gurbi 128 kawai gare shi, kuma don Ingilishi aka yi shi. Tsarin Unicode da ya fito a 1991 ya ba haruffanmu gurbi, amma an daɗe kafin madannai da zanen haruffa su bi. Wayar salula ta ƙara dagula abin. Saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160 in an tsaya kan haruffan da tsarin GSM ya tanada. Da zarar an sa harafi ɗaya da ba ya cikinsu, kamar ƙ, sai adadin ya faɗo zuwa 70, kuɗin saƙo ya ƙaru. Ga tsada, ga rashin madanni. Haka aka yi renon matasa masu yawa da suka saba rubuta Hausa ba ƙugiya.

Sakamakon a bayyane yake. Kafa da ƙafa sun zama ɗaya, haka baki da baƙi, da kasa da ƙasa. Wanda ya rubuta "ya bata kudi" bai gaya mana ko ya ba ta kuɗi ba ne ko ya ɓata kuɗi, kuma tsakanin biyun akwai kyauta da ɓarna. Yau uzurin ya ƙare, domin wayoyin zamani suna da madannan Hausa, saƙonnin intanet kuma ba sa ƙirga harafi irin na da. Manyan kamfanoni ma sun shigo: Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, Facebook kuma ya fito da fuskarsa ta Hausa a 2016. Irin waɗannan na'urori daga rubutun mutane suke koyo. In rubutun ba ƙugiya, abin da za su koya ke nan, su kuma mayar mana da shi.

8.0 Kammalawa

Tarihin da aka bi ya nuna abubuwa uku. Na ɗaya, kalmar da ta rayu ita ce gajera mai karɓar jinsi da jam'i da ƙari, ko ta aro ce ko ta gida. Kwamfuta da waya da data ba su fi linzami da faifai da manhaja baƙunta ba, bambancin kawai wasu sun riga wasu zuwa. Na'ura da allo da lissafi da sifiri, waɗanda muke ɗauka Hausa tsantsa, su ma baƙi ne a wani zamani. Na biyu, sunan da ya dubi aikin abu ya fi daɗewa, kuma ya fi kare mai amfani da shi. Na uku, iyakar da aka shata a farkon ƙarni na 20 tana nan cikin kalmomin aro, ɗaya ɓangare na ɗebowa daga Faransanci, ɗaya daga Ingilishi, amma ba ta da tasiri a kan sauke da ɗora da kutse da yanar gizo. Mai rubutu don Hausawan Nijar da Nijeriya da Gana da Kamaru da Cadi da Sudan baki ɗaya zai fi samun masu fahimtarsa in ya fifita irin waɗannan, inda akwai su.

Aikin bai ƙare ba. Kalmar da John McCarthy da abokansa suka raɗa a 1955 ga na'urori masu kwaikwayon tunanin mutum ta cika kafafen labarai tun ƙarshen 2022. A Hausa ana jin ƙirƙirarriyar basira, ana jin basirar na'ura, wasu kuma haruffan Ingilishi biyu kawai suke faɗa, a nan kuma a juya su irin na Faransanci. Ɗalibi yana da damar da ba a cika samu ba, ta ganin kalma tana neman wurin zama a gabansa.

Aiki: Kowane ɗalibi ya je wurin mai gyaran waya ko mai sayar da kati, ya saurara na awa ɗaya, ya rubuto kalmomi 20 da ya ji. Ya kasa su gida uku, na aro da na faɗaɗa ma'ana da na ƙirƙira, ya nuna jinsin kowane suna da jam'insa, ya kuma faɗi harshen da kowace kalmar aro ta fito. A kawo aikin da cikakkiyar ƙugiya a kan kowane baƙi.